Takalman Injiniya

Asabar, 3 ga Janairu

Sanyi ya shigo da gaske. Da safe na tarar da Injiniya zaune a bakin gado, hannu biyu a kan gwiwa, yana jan numfashi da ƙyar. Injiniya mijina ne, kuma ba injiniya ba ne, bakanike ne. Ni na laƙaba masa sunan tun muna sabon aure, ya bi shi. Ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin manyan motoci yana shaƙar hayaƙi, yanzu huhun ya ce ya gaji. Ni kuma na yi ritaya daga aikin nas, na dawo gida na tarar da majinyaci ɗaya yana jirana.

Likitansa ya maimaita abin da yake faɗa duk shekara: a kai shi inda ake ɗumi har sanyi ya wuce, kuma ya riƙa takawa da ƙafa kullum, ko ransa bai so. Bana ya ƙara wata. Ya ce in ya zauna wuri ɗaya, ɗan abin da ya rage na huhun zai rufe, daga nan sai silindar oksijin. Bai tsaya yi mini bayani ba, ya san na jona wa mutane da yawa ita, kuma ban cika ganin wanda aka cire wa ba.

Na kira uwar masaukinmu ta garin bakin teku, na ce ta share mana ɗakinmu na kullum.

Litinin, 5 ga Janairu

Lauya ta zo. Babbar 'yarmu. A banki take aiki, amma tun tana yarinya ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, shi ya sa muke kiranta haka. Ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini waya. Labaran garin ne, cike da fashi. 'Yan babur bibbiyu suna fizge wa baƙi jaka da waya, an soki wani a bakin ruwa, an shiga wani otal da rana tsaka. “Mama, ki duba wannan. Ki duba wannan ma.” Na duba. Na ce mata jinin da na share da hannuna ya fi wanda ke cikin wayarta.

Ta ce, “Baba ko gudu ba zai iya ba.”

Shi kuma daga kan kujera ya ce ai ko yana saurayi bai iya gudu ba, ta tambayi uwarta, a tsaye ta kama shi. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, Lauya ta nuna mini shi da hannu kamar ta kawo shaida.

Mun kai ruwa rana. A ƙarshe na ce mata ni zan kai shi, ni zan dawo mata da shi lafiya. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. A asibiti ba ma yi wa dangi irin wannan alkawari.

Laraba, 7 ga Janairu

Auta ma ya kira, wai ya ji labari a rediyo. Daga jin muryarsa yayarsa ce ta turo shi.

Juma'a, 9 ga Janairu

Mun iso. Tun a tasha ya cire rigar sanyi ya rataya a kafaɗa.

Ɗakin yana nan yadda muka bar shi bara. Gado mai ƙara, tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da ake tokare ta da kwali, famfon da sai an murɗa shi baya kafin ya kawo ruwa. Abin da ya sauya shi ne ƙofar gidan. An sa ta ƙarfe, da kwaɗo mai girman tafin hannu, tagogi kuma duk an yi musu sanduna. Uwar masauki ta ce, “Anti, abin bai kai yadda ake faɗa ba, amma akwai shi.” Ta rame kaɗan.

Mutanen garin nan 'yan gudun sanyi suke ce mana, mu tsofaffin da ke zuwa duk shekara. Bana ɗakuna duk a rufe. Mu ne sai Hedimasta, wani tsohon shugaban makaranta, da matarsa a ɗakin da ke kallon namu. Shi ma 'ya'yansa sun hana shi, ya ce musu shi ne ya saba ba da izinin fita, ba a ba shi.

Lahadi, 11 ga Janairu

Fitar farko. Hanyarmu ɗaya ce tun da muka fara zuwa: daga ƙofa a wuce kantin magani, a wuce rumfar mai gyaran agogo, a gangara titin bakin teku zuwa bencin da ke ƙarƙashin fitila, daga nan sai gadar katako inda masu kamun kifi ke zama. Bara har ƙarshen gadar yake kaiwa.

Yau ya kai benci, ya huta a hanya. Hedimasta ya riga mu isa, ya duba agogo ya ce Injiniya ya makara, ya miƙo hannu a yi masa bulala. Tsofaffi biyu suna wasan yara, matar Hedimasta tana ce musu su ji kunya.

Ban ga ɗan fashi ba. Na ga wani kare, da mata masu shara.

Talata, 13 ga Janairu

Ya taka gadar. Tari ya ragu, ya cinye abincinsa har ya leƙa kwanona. 'Yar na'urar da nake maƙala masa a yatsa don auna iska ta nuna lamba mai kyau. Na aika wa Lauya hotonta, ta amsa da “To.”

Alhamis, 15 ga Janairu

Zan rubuta yadda abin ya faru, bi da bi.

Matar Hedimasta ta tashi da ciwon gwiwa, sai ya fita shi kaɗai, yana gabanmu da ɗan nisa. Muna gangarawa titin bakin teku na hango shi ya tsaya ya ciro waya, ina jin hoton ruwa zai ɗaukar mata. Babur ya zo ta bayansa, mutum biyu. Na bayan ya kai hannu. Da ya saki da shi ke nan. Amma mutumin da ya yi shekaru yana ƙwace abu a hannun yara bai san yadda ake saki ba. Ya riƙe gam, suka ja shi a ƙasa, na bayan ya buga masa wani abu a kai. Kafin in isa sun sha kwana.

Goshi ya tsage, jini ya rufe ido ɗaya. Hannun hagu ya karye, daga gani. Ƙafa ɗaya ta juya waje, alamar ƙugu. Na ninke mayafina na danne goshin, na hana mutane ɗaga shi, na sa wani ya kira motar asibiti. Yana cikin hayyacinsa. Abin da yake ta faɗa shi ne kada a gaya wa matarsa, gwiwarta na ciwo.

Na ci gaba da danne goshin. Aikina ne.

Da na ɗago sai na ga Injiniya. Ya yi saurin biyo ni, saurin ya cinye masa numfashi. Yana rungume da ƙarfen fitila, baki buɗe, ko sunkuyawa ya taimaka ba zai iya ba. Wayarsa tana leƙowa daga aljihun gaban riga. Na tsaya ina kallon wayar.

Da muka dawo na yi ta wanke hannu. Mayafin na jefar.

Juma'a, 16 ga Janairu

Ƙugun ne, kamar yadda na zata. Ɗansu ya zo ya kwashe kayansu da uwarsa, za a yi wa uban aiki. A shekarunsa wanda ya karye a ƙugu, sai dai a yi fata.

Ba mu fita ba. Na ce wa Injiniya ana iska.

Asabar, 17 ga Janairu

Na ce ya yi tafiyarsa a barandar ciki, daga ƙofarmu zuwa ɗakin girki. Wurin gajere ne, ga warin maganin sauro. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, ya ce wannan ba tafiya ba ce, gwajin birki ne. Ya koma ya zauna.

Lahadi, 18 ga Janairu

Labarin ya kai wayar Lauya, har da hoton bencin. Ta kira tana haki. Na ce mata muna ciki, ba ma fita. Ta ce, “Yawwa Mama, haka ya kamata.” Rabon da ni da yarinyar nan bakinmu ya zo ɗaya har na manta. Ya kamata wannan kaɗai ya sa in sake tunani, amma daɗi na ji.

Litinin, 19 ga Janairu

Na fito daga wanka ban gan shi ba. Yana bakin ƙofar ƙarfe, sanye da takalmi, yana lallashin uwar masauki ta buɗe masa. Na dawo da shi. Mun yi ta. Ya ce likita ya ce ya taka. Na ce likita bai ga goshin Hedimasta ba. Ya ce zai bar waya a ɗaki. Na ce su ba sa tambaya kafin su buga. Ya ce to me ya kawo mu, ai da a gida muka zauna. Na ce ɗumi ya kawo mu, ga shi kuma yana samu. Na san rabin gaskiya na faɗa.

A sashen maza na asibiti muna da dabararmu. In majinyaci ya fara zancen sallamar kansa, ba ma jayayya da shi. Mu jira ya yi barci, mu ɗauke takalmansa mu kulle a kabad ɗin nas-nas. Babban mutum zai iya zaginki, zai iya ƙin shan magani, amma ba zai fita titi ba takalmi ba. Ban taɓa ganin ta ƙi ci ba.

Da ya kwanta bayan azahar na kwashe su, da na fita da na zaman gida, na sa a akwati, na ɗora akwatin a saman kabad. Ba ya iya ɗaga hannu sama ba tare da numfashinsa ya sarƙe ba. Da sanin haka na zaɓi wurin.

Na kwana biyu ne kawai, kafin gari ya lafa.

Talata, 20 ga Janairu

“Nas, kin ga takalmana?”

Na ce ina ya ajiye su. Ya duba bayan ƙofa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado, durƙuson ya tayar masa da tari, na ba shi maganin shaƙa. Da ya lafa sai ya zauna yana kallona. Sai a lokacin na tuna ni da bakina na sha ba shi labarin dabarar nan a kan abinci, muna dariya, har yana cewa mu nas-nas ba mu da imani.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “To.”

Alhamis, 22 ga Janairu

Ya ci rabin abinci. Barci da rana ya yi yawa. Ba ya magana sai an tambaye shi.

Asabar, 24 ga Janairu

Ya ja kujera bakin taga, nan yake wuni. Ta tsakanin sanduna yake sauraren motoci. Wata ta wuce ya ce bel ɗinta ya saki. Wata ya ce mai ita ba ya canza mai, Allah Ya isar wa injin. Ba da ni yake ba, da tagar yake.

Titin kuwa yana nan yadda yake. Yara na tafiya makaranta, mai agogo na buɗe rumfa, mai burodi na wucewa da kekensa. Uwar masauki takan bar wayarta a gida, ta ƙulle kuɗin cefane a bakin zane ta fita. Na ce ba ta jin tsoro? Ta ce, “Anti, mu a nan muke kwana, a nan muke tashi. In na zauna wa zai ciyar da ni?” Ta tambayi jikin Baba, ta ce kwana biyu ba ta ga ya fito ba. Na ce yana hutawa.

Ni ma ina fita sayen burodi da kifi, dole. Yau ina ɗaura ɗankwali ya juyo ya ce, “Ke ɓarayin sun san ki ne, ko 'yan'uwanki ne?” Na ce ni ina da ƙafar gudu. Ya kalli ƙafafun nawa, ya kalli nasa, ya koma ga tagarsa.

Litinin, 26 ga Janairu

Lambar na'ura ta sauka. Ƙafa ta ɗan kumbura, in na danna da yatsa wurin yana daɗewa bai ciko ba. Ya karɓi matashina ya ƙara a kan nasa, a kishingiɗe yake barci yanzu.

Wataƙila laimar teku ce.

Da wata nas ce ta rubuta mini wannan a takardar majinyaci, da na kira ta gefe.

Laraba, 28 ga Janairu

An ce an kama wasu 'yan babur. An kuma ce ba su ba ne. Mai kantin magani ya ce jiya ma an fizge wa wata jaka a bayan kasuwa. Kullum na ce gobe zan sauko da akwatin, sai a kawo sabon labari.

Lauya ta kira ta ce a ba ta babanta. Ya karɓa, ya fara magana, ya tsaya a tsakiya, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Ta ce layin ba shi da kyau, yana yankewa. Ya ce e, layin ne. Ya miƙo mini wayar.

Tsoro nake ji. Bari in rubuta shi tunda ba mai karantawa. In na rufe ido goshin Hedimasta nake gani, amma fuskar ba tasa ba ce.

Juma'a, 30 ga Janairu

Na dawo daga kasuwa na tarar da ɗaki ba kowa. Akwatin yana saman kabad, ba a taɓa shi ba. Na leƙa banɗaki. Silifas ɗina na wanka ne babu, na roba, ruwan hoda, masu fure a sama. Uwar masauki ta fita, ta bar kwaɗon a buɗe saboda mai gyaran famfo.

Ban yi nisa ba. Yana zaune a dakalin kantin magani, wurin da a da ko tsayawa ba ya yi. Mai kantin na yi masa fifita da kwali. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Rabin diddigensa a ƙasa, silifas ɗin ba su kai masa ba, furen robar ya maƙale tsakanin yatsu. A haka ya bi titi, mutumin da ko shago ba ya zuwa sai ya goge takalmi.

Na durƙusa na ba shi maganin shaƙa, na kwance masa maɓallin wuya. Ya ce, a rarrabe, “Ruwan kawai. Na so. In gani.” Na ce ya yi shiru, magana na cin iska. Mai kantin ya tsayar mana da tasi.

A mota na riƙe ledar kifin a cinyata har asibiti. Ban san ina riƙe da ita ba sai da wata nas ta ce in ajiye a waje.

Asabar, 31 ga Janairu

An kwantar da shi. Sun sa masa oksijin, launinsa ya dawo.

Likitar yarinya ce, ba ta kai Lauya ba, amma ta san aikinta. Ta saurari ƙirjin gaba da baya, ta danna ƙafar, ta tambaya ko yana takawa kullum. Na buɗe baki. Ya riga ni.

Ya ja abin hancin gefe ya ce, “Kasala ce, likita. Matar nan ta yi ta fama da ni in fita, na ƙi. Taurin kai gare ni, ki tambaye ta.”

Likitar ta yi masa faɗa sosai, irin wanda ni ma na iya. Ta ce a irin ciwonsa zaman mako biyu ba ƙaramar asara ba ce, majina ta taru, ciwo ya shiga. Sannan ta juyo gare ni ta ce, “Mama, an ce ke nas ce. Ke da kika san abin, ki daina tausaya masa, ki matsa masa.” Na ce to.

Na bi ta waje na tambaye ta gaskiya. Ta ce wani abu zai dawo, wani ba zai dawo ba. Zai koma da silinda, zai kwana da ita, in ya taka ya dawo ya jona. Idan mun koma gida a nemi ta dindindin. Na tambaya ko dama can lokacin ya yi, ko da ya yi ta tafiyar. Ta ce ba wanda zai iya sani. Amsar da nake ba mutane ke nan, kuma na san lokacin da nake ba da ita.

Da na koma ciki ya rufe ido. Ba barci yake ba. Na gyara masa bargo, na zauna.

Talata, 3 ga Fabrairu

An sallame mu. Silindar na tsaye kusa da gado, koriya, ta kai mini ƙugu. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya duba kan, ya ce wanda ya ɗaure shi bai iya aiki ba. Ya sa na aro masa sifana wajen uwar masauki.

Yana banɗaki na hau kujera na sauko da akwatin. Na jera takalman a bakin ƙofa, inda ya saba ajiyewa. Da ya fito ya tsaya a kansu ya ce, “A'a, kun dawo? Kun je kun ga tekun ba ni.” Na ci gaba da ninke kaya.

Ƙafar ba ta shiga ba saboda kumburi. Ya zauna ya zare igiyoyin gaba ɗaya, ya sa su haka.

Alhamis, 5 ga Fabrairu

Na gaya wa Lauya zancen silinda. Ta yi kuka, ta ce da ma ba mu je ba, ta ce garin nan ne, ta ce mu tattaro mu dawo gobe. Na ce sai sanyi ya wuce, kuma kullum za mu fita. Ta ce, “Mama, fita kuma? Bayan duk wannan?” Na ce e. Ta jero hujjojinta, na bar ta ta gama, na sake cewa e.

Ta tambaya me ya jawo abin ya tashi haka lokaci ɗaya. Na kalli Injiniya. Ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ya ce mata tsufa ne, ba a kai shi gareji. Suka koma zancen jikoki.

Wata rana zan gaya mata. Ba yau ba.

Asabar, 7 ga Fabrairu

Muna fita da safe. Ba jaka, ba waya. Ina ɗauke da 'yar kujera mai naɗewa da uwar masauki ta ara mana, in ya tsaya in buɗe masa. Shekaranjiya kantin magani. Jiya kantin magani. Yau ya wuce shi har rumfar mai agogo. Daga nan, tsakanin gidaje biyu, ana hango ruwan kaɗan, kamar faɗin zane. Ya zauna ya kalla. Mai agogo ya gaishe shi, ya ce an kwana biyu. Ya ce ya je hutu ne.

A hanyar dawowa babur ya taho ta bayanmu, mutum biyu, ya rage gudu daidai inda muke. Na kama wuyan hannunsa. Ramin titi suke kaucewa, suka wuce abinsu. Ban saki ba har ƙofa. Tunda muka yi aure ban taɓa riƙe shi a titi ba, ba halinmu ba ne. Ya ce, “Yaya bugun jinin, Nas?” Na ce ba laifi. Ban ƙirga ba.

Ya jona silinda, ya ci abinci, ba yabo ba fallasa. Ƙafa ta ɗan saɓe.

Ya ce gobe benci. Na san ba zai kai ba, shi ma ya sani. Na ce Allah Ya kai mu, ni zan tashe shi.